Gidan haya "komai a ciki" a Kubwa: in kama ko in haƙura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. An yi min canjin wajen aiki daga Kaduna zuwa Abuja, kuma ina so in taho da iyalina bayan sallah. Ejan ya kai ni wani ciki da falo a Kubwa, ya ce kuɗin hayar ya haɗa da wuta da ruwa da shara da maigadi, wai ba ruwana da biyan komai har shekara ta ƙare. Amma ya fi irinsa da na gani a Dutse Alhaji da naira dubu 400. Matata tana ta cewa mu kama kawai mu huta, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Dan Allah me ka gani? Ƙaninka daga Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa canjin ya zama alheri. Gaskiya Kubwa ta dace da kai tunda tashar jirgin ƙasan Kaduna tana nan kusa, ranar Juma'a ka hau ka je ka gaida su Hajiya ka dawo.

To amma wannan "komai a ciki" da ejan ya faɗa maka, ka sani shi fa kashi 10 ɗinsa yake hange, da zarar ka biya ya wuce, mai gida ne za ka zauna da shi. Ka koma ka tambaye su wace wutar ake nufi, ta nefa ce kawai in AEDC, kamfanin raba wutar Abuja, sun kawo, ko har da janareta ko sola? In da janareta, daga ƙarfe nawa zuwa nawa ake kunnawa? Don akwai gidajen da sai ƙarfe 7 na yamma a tada inji, 12 na dare a kashe, a watan Maris ɗin Abuja kuwa da zafin nan za ka kwana kana fifita yaro da kwali alhali ka biya kuɗin wutar shekara tun farko.

Sannan ka bincika layin wutar da unguwar take kai. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ƙara kuɗin wuta ga 'yan Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga naira sittin da 'yan kai zuwa 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Ga cire tallafin fetur tun Mayun 2023. Mai gidan da ya yanke haya kafin irin wannan ƙarin ba zai yarda ya yi asara ba wallahi, ko dai ya dawo tsakiyar shekara ya ce kowa ya kawo ciko, ko ya fara kafa doka, kar a kunna esi, kar a jona hita, madam ba za ta yi guga ba sai Asabar. Ni na taɓa zama irin wannan gidan a Lugbe, mita ɗaya mu gida shida, wata rana na dawo daga aiki na tarar da takarda manne a get wai duk mai firiza zai ƙara kuɗi, maƙwabciyata mai saida zoɓo da ƙanƙara ranar har kuka ta yi.

Ruwa ma ka duba, in bohol ne da me ake turo shi tanki? In famfon ya lalace wa zai gyara? In ba haka ba sai ka ga kana siyan kura wajen 'yan garuwa kamar kowa.

Abin da zan ce ka yi, ka je gidan kai kaɗai ba tare da ejan ba, wajen ƙarfe 9 na dare, ka ga ko da haske, ka ɗan zauna da maigadi ku yi hira ka siya masa shayi, ka ƙwanƙwasa wa wani ɗan haya ka tambaye shi ko an taɓa neman ƙari a wajensu. In amsar ta yi daɗi sai lauyan da za a caje ka kuɗinsa ya yi aikinsa, a rubuta awannin janareta, kayan wutar da aka yarda ka kunna, ba ƙari har shekara ta cika, da yadda za a dawo maka da kuɗin ajiyar da suke karɓa saboda ɓarna in ka tashi. Rasit kuma a raba, na haya daban na hidima daban. Dokar Abuja ta ba mai hayar shekara notis na wata 6 in ba ku rubuta wani abu daban ba, don haka ka karanta wannan layin da kyau, wasu suna mayar da shi wata 1 a takarda kai ba ka lura ba.

Dubu 400 ɗin kuma ka raba ta 12, ta kama dubu 33 da 'yan kai a wata. In kuna da esi da firji kuma janaretan na gaske ne, madam ta fi ka gaskiya, ka kama. In fanka biyu da talabijin ne kawai kayanku to kuɗin esin maƙwabta za ka dinga biya, gara na Dutse Alhajin in yana da mitarsa ta kati, ka sa abin da za ka iya, sauran ka haɗa ƙaramar sola.