Hukuncin Jagorantar Kamfe Da Rabon Kaya Daren Zaɓe

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim. Wani ɗan takarar majalisar jiha ya nemi in jagoranci kamfen ɗinsa a mazaɓarmu. Cikin aikin har da raba wa mata taliya, sabulu da atamfa daren zaɓe, kowacce ta dafa Alƙur'ani ta rantse shi za ta zaɓa. Ya halatta in karɓa?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka sa hannu.

Kamfe a kan kansa halal ne. Masu haramta shi suna kafa hujja da hadisin Abdurrahman ɗan Samura, inda Annabi (SAW) ya hana shi neman shugabanci. Hadisin ingantacce ne, amma malamai sun haɗa shi da aya ta 55 a Suratu Yusuf, inda Annabi Yusufu ya nemi a ɗora shi kan taskokin ƙasa, don ya san zai riƙe amana. A tsarin da ba a samun kujera sai an tsaya takara, in mutanen kirki suka naɗe hannu, azzalumai aka bar wa fili. Saboda haka in ka san mutumin nan da gaskiya, shiga kasuwa da majalisun unguwa ka faɗi alherinsa, ba tare da ƙarya, ƙazafi ga abokin hamayya, ko ɗaukar 'yan jagaliya ba.

Rabon daren zaɓe kuwa haramun ne, babu kokwanto. Ƙuri'a shaida ce cewa wane ya cancanta, kuma ba a sayar da shaida. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar alƙiyama, cikinsu akwai wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai: in an ba shi ya cika, in an hana shi ya saɓa. Kai da za ka raba, kai ne dillalin wannan ciniki. Dokar Zaɓe ta 2022 ma ta mai da shi laifi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rantsuwar. A sami matar da talauci ya ci ƙarfinta, ba ta da abin ɗorawa a murhu, a miƙa mata Littafin Allah saboda ƙullin taliya! Mai son taimaka mata ya kai mata hatsi da damina, lokacin da rumbu ya ƙare, ba tare da sharaɗi ba.

Ka gaya masa za ka yi masa kamfe, amma ban da rabon. In ya ƙi, ka bar aikin. Wadda aka riga aka rantsar kuma ta zaɓi wanda ta ga ya cancanta, sannan ta yi kaffara kamar yadda aya ta 89 a Suratul Ma'ida ta bayyana: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, in ba hali, azumin kwana uku.

Wallahu a'alam.