Tambaya da Amsa: Wane Obin na Jikin Bango Ya Dace da Kicin a Legas?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Agege, muna gyaran kicin, kuma ina son a ɗauke tsohuwar kuka mai haɗe da obin a sa mini na jikin bango, irin wanda ake cusawa cikin kabad. Ina gasa kek da mitfai, na gida da na sayarwa idan ana biki ko suna. Kafinta zai fara yanka katako a mako mai zuwa, ƙanin maigidana da ke Amurka kuma ya ce zai aiko mana da obin daga can. Na lantarki zan nema ko na gas? Shin in karɓi na Amurkan?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a wannan gyara. Kafin komai, ki sa a dakatar da kafinta, domin obin ake fara zaɓa sannan a gina masa kabad daidai jikinsa. Yawancin waɗanda ake sayarwa a Legas suna bin ma'aunin Turai: faɗin fuskarsu santimita 60, gurbin da za su shiga kuma kusan santimita 56 a faɗi, 55 a zurfi, 59 zuwa 60 a tsayi. Amma kowane kamfani yana da nasa ɗan bambanci, kuma rabin santimita ya isa ya hana obin zama. Ki sayi obin, ki ba kafinta takardar awon da ta zo cikin kwalinsa, ya yi aiki da ita.

Game da kyautar ƙanin maigida, ki yi masa godiya ƙwarai, amma shawarata ita ce ya aiko da kuɗin a saya a nan. Wutar gidajen Amurka dabam take da tamu. A can obin yana cin 240V ta layuka biyu masu 120V kowanne, a kan 60Hz, kuma sau da yawa agogonsa da fitilarsa da fankarsa 120V suke bukata. Mu kuwa layi ɗaya ne mai 230V a kan 50Hz. Ko an samu mai wayarin da ya yi dabara ya tashe shi, ranar da allon sarrafawarsa ya ƙone za ki sha wahalar neman kayan gyara. Ga kuma girma: nasu yawanci faɗin inci 27 ne ko 30, wato kusan santimita 69 ko 76. Duk obin da za ki saya, sabo ko na hannu, ki buɗe ƙofarsa ki duba ɗan allon da ke manne a gefen bakinsa. Abin da kike son gani shi ne 220–240V da 50Hz.

Zancen lantarki da gas shi ne wanda ya fi bukatar natsuwa, kuma wutar unguwarku ce za ta yanke hukunci fiye da kyan obin a shago. Ta fuskar gashi kawai, na lantarki mai fanka ya fi dacewa da mai kek, saboda fankar tana zagaya zafi ko'ina, har ki jera tire biyu ko uku na mitfai su yi ja tare ba sai kin riƙa juya su ba. Sai dai yana cin wuta tsakanin kilowat 2.5 zuwa 3.6. Filogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi amp 13 yake ɗauka, wato kusan kilowat 3, saboda haka bai kamata a jona obin a soket ɗaya da firiji ko butar lantarki ba. A ja masa layinsa shi kaɗai tun daga akwatin rarraba wuta, da bireka tasa (makunnin da ke yanke wuta idan nauyi ya yi yawa) mai amp 16 ko 20, da waya mai kaurin milimita 2.5 aƙalla, da wayar ƙasa mai aiki ta gaske. Idan mai hawa biyu ne, yawanci sai bireka mai amp 32 da waya mai milimita 6. Wannan aiki yanzu ake yin sa, kafin a manna tayil a bango.

Kuɗin wutar ba shi ne babbar damuwa ba. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta sa naira 225 a kan kowane yunit ga masu rukunin Band A, waɗanda ake nufin su samu wuta awa 20 aƙalla a rana, an kuma yi wa farashin gyare-gyare daga baya. Obin mai kilowat 3 ko da bai huta ba yunit 3 zai sha a awa, naira 675 ke nan a wancan farashi, kuma a zahiri bai kai haka ba tun da yakan kashe kansa idan zafi ya kai. Matsalar ita ce a ɗauke wuta kek yana tsakiyar tashi. Janareta mai 5kVA kusan kilowat 4 yake bayarwa, obin zai kwashe uku, kuma da zarar injin jan ruwa ko firiza ta tashi sai ki ji janaretan ya shaƙe. Inbata ta gida kuwa batirinta ba zai daɗe ba a ƙarƙashin wannan nauyi. Akwai kuma abin da masu shago ba sa faɗa: da yawa daga cikin masu agogon lambobi, idan wuta ta dawo agogon yakan tsaya yana ƙyafta sifili, obin ba zai yi zafi ba sai an sake saita lokaci. A Legas na fi son mai maɓallan murɗawa.

Saboda haka ki duba takardar wutarku ta Ikeja Electric ki ga rukunin da kuke. Idan Band A ne, kuna kuma da babban janareta, ki ɗauki na lantarki mai fanka, mai ɗaukar lita 65 zuwa 75, wanda zai ci cinyar ragon layya ko kaji uku. Idan ba haka ba, tun da akwai masu jiran odarki, na gas ya fi miki kwanciyar hankali, ko da yake za ki riƙa juya tire don ƙasansa ya fi samansa zafi. Shi ma ɗan lantarki kaɗan yake so na kunnawa da fitila da fanka, wanda ƙaramin janareta zai ɗauka.

Amma gas a cikin kabad yana da sharuɗɗan da ba a sassautawa. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, idan ya zubo yakan kwanta a ƙasan kabad inda hanci ba ya kaiwa da wuri. Tukunyar, mai kilo 12.5 ce ko babba, ta zauna a waje inda iska ke kaɗawa, a shigo da gas ta bututun tagulla, kada a bar tiyon roba a bayan obin inda zafi zai gasa shi, ɓera kuma ya ci. Ki tabbatar obin yana da na'urar da ke datse gas idan wutar ta mutu. Sannan wasu daga Turai suna zuwa a saite don gas ɗin bututu na can, dole ƙwararre ya canza musu kan fitar gas zuwa na tukunya. Idan ba a canza ba za ki ga wuta doguwa rawaya tana baƙanta tire.

Ki ja hankalin kafinta kan katako. Damshin Legas yana kumbura MDF (katakon da ake yi da matsattsen garin itace) maras kyau, don haka ya yi gurbin da katakon da suke kira marin bod, ya bar bayan a buɗe da ratar fitar zafi kamar yadda takardar ta nuna. A ɗora obin yadda tiren tsakiya zai zo daidai gwiwar hannunki, wanda ke sauƙaƙa fito da abu mai nauyi, yana kuma nesanta ƙofar mai zafi daga yara ƙanana. Ko a kasuwar Alaba da ke Ojo za ki saya ko a shagon dillalin kamfani, ki karɓi rasit da takardar garanti mai hatimi, ki kuma tambayi inda masu gyaransu suke a Legas.

TAMBAYA: Ni magidanci ne a Ajah. An nuna mini obin mai wanke kansa, kuɗinsa ya ɗara na sauran sosai. Ya cancanci ƙarin?

AMSA: Malam, irin wannan yana ɗaga zafinsa zuwa kusan digiri 500, ya kulle ƙofarsa na awa biyu zuwa uku har maiƙo ya zama toka, sai a goge da tsumma. Yana aiki, amma yana bukatar wutar da ba za ta yanke ba a tsawon lokacin, domin idan ta yanke fankar da ke kare kabad daga zafi ita ma ta tsaya. In ba ka da tabbacin haka, ka sayi mai santsin ciki, iyali su riƙa sa kwanon ruwa a ciki na minti 30 a ƙaramin zafi sannan su goge. Tun da kuna kusa da teku, ka sa rarar kuɗin a kan mai fuskar gilashi ko ƙarfen da ba ya tsatsa, da na'urar kare shi daga wutar da ke dawowa da ƙarfi.