Tambaya da Amsa: Fim Yana Ƙamewa, Baƙi Kuma Ya Koma Toka-toka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da laftof HP EliteBook 8470p wadda na saya ta hannu, da ita muke kallo da iyali da daddare, ina jona ta da talabijin. Matsalata biyu ce. Wasu finafinan da nake karɓowa wurin masu turawa suna tafiya lafiya lau, wasu kuwa sai hoton ya riƙa ƙamewa, murya ta yi gaba ta bar shi a baya, fankar kwamfutar tana ta kuka. Ta biyu, a talabijin baƙi ba ya fitowa baƙi, sai ka ga kamar hazo ya rufe hoton. Wani abokina ya ce in sa madVR, wai har bidiyon bikinmu na 2006 da ke kan faifan VCD zai mayar da shi tar kamar ɗaukar yau. Gaskiya ne? Daga mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya san sunan magani mai kyau, amma bai tsaya ya ji ciwon ba. Idan ka sa madVR yau a wannan laftof ɗin ba tare da ka gyara wasu abubuwa ba, ƙamewar ƙaruwa za ta yi.

Kafin fim ya iso idonka, hannu uku yake bi. Akwai manhajar da kake danna wa, irin su VLC ko MPC-HC. A ƙarƙashinta akwai mai warware bidiyon, domin kowane fim a dunƙule yake zuwa don kada ya cinye wuri. Sannan akwai mai zana hoton a kan allo, wanda shi ke faɗaɗa shi ya cika talabijin, ya daidaita launi, ya kuma fitar da kowane hoto a kan lokacinsa. To madVR wannan na ukun ne. Ƙamewar da kake fama da ita kuwa daga na biyun take.

Ka duba sunayen finafinan da ke ba ka wahala. Ina kyautata zaton za ka ga an rubuta x265 ko HEVC a jikinsu, waɗanda ke tafiya lafiya kuma x264 ko H.264. Waɗannan tsare-tsaren dunƙule bidiyo ne. Tsarin H.264 tun 2003 yake, HEVC kuwa sai a 2013 aka kammala shi. Laftof ɗinka ta 2012 ce, galibin irinta suna zuwa da katin hoto, wato sashen da ke kula da hoto, mai suna Intel HD Graphics 4000, wanda ya iya warware H.264 da kansa ba tare da gumi ba, amma bai san HEVC ba sam. Sai aikin gaba ɗaya ya faɗo kan furosesa, ta yi zafi, fanka ta tashi, hoto ya kasa bin murya. Intel ba ta sa cikakken mai warware HEVC a cikin kayanta ba sai a zubi na shida a 2015, na 10bit, wato mai zurfin launi, kuma sai a zubi na bakwai. Masu turawa suna son HEVC ne saboda ƙanƙantar fayil, fim ɗaya ba ya cika waya, kuma ba laifinsu ba ne. Kai dai ka riƙa ce musu su ba ka na x264, 720p ko 1080p. Wanda ka riga ka karɓa kuma kana son sa, akwai manhajar kyauta mai suna HandBrake da za ta mayar da shi H.264, sai dai ka bar ta ta kwana tana aiki, don a irin wannan kwamfutar ba ƙaramin lokaci take ɗauka ba.

Ko a kan H.264 ɗin, ka tabbata aikin yana hannun katin hoto. A VLC ka shiga Tools, ka zaɓi Preferences, sai Input/Codecs, ka ga Hardware-accelerated decoding yana kan Automatic. Mutane da yawa wani ya taɓa kashe musu shi, sun manta.

Maganar hazo ita ce ta fi ba ni dariya, domin ni ma ta taɓa ci na. Na taɓa ɗaukar sabuwar talabijin na mayar wa mai shago ina ta faɗa, wai ya sayar mini da mai mataccen allo. Yaron shagon ya ɗauki rimot, ya danna wuri biyu, baƙi ya dawo baƙi ƙirin. Haka na sa ta a adaidaita na dawo gida ba bakin magana. Abin da ke faruwa shi ne, kwamfuta tana auna haske daga 0 zuwa 255, inda 0 shi ne baƙi. Bidiyo da talabijin kuwa al'adarsu daga 16 zuwa 235 ce. Idan laftof ta aika da ma'aunin talabijin, ita kuma talabijin tana jiran na kwamfuta, sai ta ɗauki 16 a matsayin toka-toka mai duhu, fari ma ya dushe. Shi ne hazon da kake gani. A talabijin ɗin Samsung ka nemi HDMI Black Level, a LG kuma Black Level, ka mayar da shi Low. Sauran kamfanoni suna da irinsa da wani suna a cikin saitin hoto. Ka tsayar da fim a wurin da dare ya yi, ka canza, idonka zai gaya maka nan take. Idan kuma sunan fayil ɗin yana ɗauke da HDR ko 2160p, wannan wani hazon ne daban: an yi fim ɗin don allo mai haske na musamman, kuma laftof ɗinka ba za ta iya jan sa ba ko da wace manhaja.

Yanzu sai madVR. Wani Bajamushe mai suna Mathias Rauen ne ya rubuta shi, kyauta ne, kuma a Windows kaɗai yake aiki. Ba ya shiga VLC, sai irin su MPC-HC ko MPC-BE ko PotPlayer. Ni MPC-HC nake amfani da ita. Masu ita na asali sun daina sabunta ta a 2017, amma wani ya ci gaba da aikin a shafin intanet na GitHub, don haka ka nemi sabuwar. Idan ka sauke madVR, ka buɗe shi a wata folda da ba za ka goge ba, ka danna install.bat a matsayin mai iko da kwamfutar. Daga nan ka shiga Options a MPC-HC, sai Playback, sai Output, ka zaɓe shi. A saitin LAV Video, wato mai warware bidiyon da ke cikin manhajar, ka zaɓi DXVA2 don katin hoto ya riƙa warware bidiyon.

Amfaninsa na gaske a wurare uku na gan shi. Yana faɗaɗa ƙaramin hoto da tsabta fiye da mai zanen da Windows ke zuwa da shi. Yana goge layi-layin nan da ke fitowa a sararin sama ko a bango mai duhu, kamar an shafa fenti hawa-hawa. Yana kuma da abin da ya kira smooth motion, wanda ke rage ɗingishin da hoto ke yi idan kyamara tana juyawa a hankali, saboda fim mai hoto 24 a daƙiƙa ba ya rabuwa daidai a allon da ke sabuntawa sau 60. Bidiyon da aka ɗauka da hoto 25 a daƙiƙa, irin na tsarin PAL da muke bi a nan, maganinsa ya fi sauƙi: ka mayar da talabijin 50Hz a saitin allo na Windows, ɗingishi ya tafi.

Inda mutane ke halaka kwamfutarsu shi ne sashen scaling algorithms na madVR, inda ake zaɓar hanyar faɗaɗa hoto. Za ka ga sunaye kamar Jinc da NGU, ka ji ana yabon su. Waɗannan na masu katin Nvidia ko AMD mai ƙarfi ne, ɗora su kan HD 4000 ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Kai ka tsaya a Bicubic, in ya yi nauyi ka sauko DXVA2 ko Bilinear. Kada ka yi hasashe, madVR yana da ma'auni: fim yana tafiya ka danna Ctrl da J, rubutu zai fito a gefe. Ka dubi dropped frames, wato hotunan da aka tsallake, idan lambar tana hawa to ka yi wa na'urar yawa. Ka dubi lokacin zane kuma. Fim mai hoto 25 a daƙiƙa yana ba kowane hoto milisakan 40 ne kacal, mai 24 kuma kusan 42, don haka in ka ga 35 ko sama da haka ka rage saiti. A sashen devices ka bar shi a PC levels 0-255, don kada a matse hasken sau biyu hazo ya dawo.

Bidiyon biki kuwa, ka yi haƙuri. Faifan VCD ɗigo 352 a 288 yake ɗauka, wato ɗigo dubu 101 da 'yan kai. Talabijin mai 1080p tana da sama da miliyan 2. Kowane ɗigo ɗaya na faifan sai an shimfiɗa shi a wurin kusan 20. Abin da kyamara da faifan ba su riƙe ba, babu mai zanen da zai dawo da shi. Zai dai tausasa kaifin murabba'an nan da ke fitowa a fuska, launin atamfar amarya ya ɗan zauna. Shawarata ka kwafe faifan zuwa kwamfuta tun bai gama karcewa ba, ka ajiye kwafi biyu, kuma idan za ka ba 'yan'uwa ka tura ta Xender ko filashi, don WhatsApp yana ƙara matse bidiyo sai in an tura shi a matsayin takarda. Idan mai ɗaukar bikin yana nan kuma kaset ɗin asali yana hannunsa, wannan ya fi faifan kyau nesa ba kusa ba.

Tambaya: Malam, ni kuma fim yana tafiya daidai, amma da an ɗauke wuta sai ya fara tsinkewa, ko da batir a cike yake. Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malama, kwamfutarki lafiyarta ƙalau. Windows ce ke rage wa furosesa da katin hoto ƙarfi da zarar ta koma kan batir, don caji ya daɗe. Ki shiga Power Options ki zaɓi High performance, ko, idan Windows 10 ce, ki danna alamar batir ki ja ta zuwa Best performance, amma ki sani cajin zai fi saurin ƙarewa. Idan kuma kina ɗora ta a kan katifa ko filo, ki daina, ramukan iska a ƙasa suke. Bayan hunturu ki kai ta wurin mai gyara ya buɗe ya busa ƙurar da ta toshe fankar.