Tambaya da Amsa: Yadda ake karanta hotunan manyan Turai na zamanin Barok, salon fasahar da ya yi tashe a Turai a ƙarni na 17

Tambaya: Malam, ina ganin hotunan manyan Turawa na ƙarni na 17, waɗanda aka buga da baƙar tawada, mutum yana cikin da'ira mai siffar ƙwai, ga rubutu da tarkace kewaye da shi. Ado ne kawai?

Amsa: Malama, ba ado ba ne, can ne ma saƙon yake. Fara da bakin da'irar, inda ake rubuta suna da muƙami, galibi da Latin. Kambun ganye na nufin nasara, kakaki shahara, gajeriyar sanda jagorancin yaƙi, littattafai ilimi. Ƙoƙon kai da agogon yashi kuwa tunatarwa ce cewa mai hoton zai mutu, sunansa ne ake so ya wanzu.

Tambarin zuri'a yana ƙasa. Da yake ba launi a bugun, layuka ne ke nuna launin, bisa tsarin da Petra Sancta, wani malamin coci ɗan Italiya, ya yaɗa a 1638: layi a tsaye ja ne, a kwance shuɗi, ɗige-ɗige ruwan zinariya, fili ba komai azurfa. Kada ki gwada wannan a kan bugun da ya girmi shekarar, za ki karanta ba daidai ba. Can ƙasa akwai ƙananan kalmomin Latin: pinxit wanda ya yi zanen asali, sculpsit wanda ya sassaƙa zanen a farantin bugu, excudit wanda ya wallafa. In kin ga ad vivum, kamar a ayyukan Robert Nanteuil na Faransa, to mai zanen ya ga mutumin ido da ido.

Tambaya: Ke nan abin da aka sassaƙa ya zauna har abada?

Amsa: Ina! A farantin jan ƙarfe ake sassaƙawa, shi kuwa yana da laushi. Yawan goge tawada da matsin injin bugu suna cinye siraran layuka, sai fuska ta koɗe tun inuwa na nan da baƙinta. Ana kuma iya kankare wuri, a bubbugo shi ta baya ya daidaita, a sake sassaƙa. Haka aka yi wa farantin da masassaƙi Pierre Lombart ya yi na wani mahayin doki, wanda aka kwaikwayo daga aikin shahararren mai zane Van Dyck: a wani bugun kan Cromwell ne, wanda ya mulki Ingila bayan an kashe Sarki Charles na 1, a wani kuma na shi Sarki Charles ɗin, akwai ma bugun da ba kai sam. Don haka ki duba gefen fuska da kwanan wata da gilashin ƙara girma, wurin da aka kankare yakan bar dusu-dusu.