Ga ƙanina mai son zuwa Jamus ya "ɗauki hoton" ƙwayoyin ƙarfe

Ƙanina, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin farko a fizik, kana neman gurbi a nan Jamus, kuma abin da ya ɗauki hankalinka shi ne yadda ake gano siffar ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da hasken X-ray. Kana tambayar shirin da za ka yi.

Ka fara da cire kalmar hoto daga ranka, don ni ma ita ta yaudare ni. Wannan ba irin na asibiti ba ne da ake ganin inuwar ƙashi. Ƙwayar zinariya ko azurfa da muke aiki a kanta faɗinta tsakanin nanomita 1 ne zuwa 100, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Idan haske ya doke ta sai ya warwatse, abin da ke sauka a kan na'ura zobba ne da zirin haske. Mai kama da ƙwallo tana ba da zobba a jere, mai fuskoki da kusurwoyi kuma tana jefa ziri ta wasu ɓangarori. Daga wannan zanen za ka koma da baya, da lissafi, har ka fito da siffa.

A nan gizo ke saƙar. Na'ura ƙarfin hasken kawai take aunawa, ba ta riƙe matakin da kowace igiyar haske take kai lokacin da ta iso. Rabin bayanin ya tafi ke nan. Sai ka ƙirƙiro siffa a kwamfuta, ka lissafa zanen da za ta bayar, ka gwada da na gaske, ka gyara, ka sake. Wani lokaci siffofi biyu su ba ka zane kusan iri ɗaya, ka kwana kana zargin kanka.

Wahalar ba ta banza ba ce. Zinariya mai siffar ƙwallo ja take fitowa a ruwa, ka mayar da ita sanda launin ya canja, kuma a gefuna da kusurwoyi ne ƙwaya ta fi hanzarta haɗuwar sinadarai.

A ƙaramin ɗakin gwaji ana haska ƙwayoyi masu ɗimbin yawa a lokaci guda, sai a samu matsakaicin girma da siffa. Mai son ganin ƙwaya ɗaya tilo sai ya je wajen manyan injina masu fitar da walƙiyar X-ray mai ƙarfi, irin FLASH da ke cibiyar bincike ta DESY a Hambug, ko European XFEL da aka buɗe a 2017, mai tsawon kilomita 3.4. Walƙiyarsu tana tarwatsa ƙwayar, amma gajarta ce ƙwarai, har zanen ya riga ya fita kafin ta fashe. Samun lokaci a kan irin waɗannan injina sai da rubuta buƙata a yi takara, in an dace a ba ku 'yan kwanaki, dare da rana. Bayan nan watanni ne a gaban kwamfuta.

Don haka ka zauna da lissafin Fourier, wanda ke haɗa siffa da zanen da take bayarwa, har ya zama maka ruwan sha, ka koyi Python, yaren rubuta shirin kwamfuta, sosai tun kafin ka taso. In za ka rubuta wa farfesa, ka haɗa masa da ɗan shirin da ka rubuta da kanka mai lissafa zanen ƙwallo ɗaya. Turo mini in duba maka tukuna.