Dutsen Ba Danginka Ba Ne

Ɗana, na ji tambayarka jiya muna rufe situdiyo, ban amsa ba ne saboda hankalina yana kan aikin mutane da ba mu gama wankewa ba. Ka ce za ku yi tafiyar mako guda, kai da iyayenka da ƙannenka da kakarku, kuma tun yanzu kowa ya ɗora maka ɗaukar hoto. Ka ce bara da kuka yi irin wannan tafiya ka dawo da hotuna sama da 2,000, amma har yau ba wanda ya ce a turo masa ko ɗaya. Shi ne kake tambaya ko lensinka ne ba shi da kyau, ko zan ara maka dogon nan nawa.

Ba zan ara maka ba, kuma ba rowa ba ce. Hotunan nan na bara na gan su tun ranar da ka zuba su a kwamfutar aiki. Lensinka lafiyarsa ƙalau. Abin da ke ciki ne matsalar: dutse, gada, faɗuwar rana, wani dutsen, dogon gini, sai mutanen gidanku a jere a gaban ginin, kowa ya ƙame kamar mai jiran hoton fasfo. Wa zai nemi wannan? Dutsen nan wani ya riga ka ɗauka, da kayan da suka fi naka, da hasken da ya fi naka, yana nan zube a intanet. Amma kakarku tana ƙirga jikoki da yatsa kafin mota ta tashi, tana sakewa don ta mance da na goye, wannan duk duniya babu mai iya ɗauka sai wanda ke cikin motar. Kana ciki, ka juya mata baya kana ɗaukar dutse.

Ba gori nake maka ba, na riga ka faɗawa ramin. Ina kamar shekarunka, zamanin fim, na yi wata doguwar tafiya da mahaifina da ƙaninsa. Fim uku na riƙe, kowanne mai ɗauka 36, hoto 108 ke nan, kuma kowace dannawa kuɗi ce, don haka ina ta tattali. A tafiyar na fara ganin teku. Na ƙarar da kusan komai a kan ruwa da jirage da tsuntsaye. A hanyar dawowa na ga saura ɗaya a fim na ƙarshe, na ce bari in ƙarasa shi in naɗe. Na waiwaya kujerar baya. Baba ya yi barci, kansa ya karkata ya kwanta a kafaɗar Baffa, tabarau ya zamo har ƙarshen hancinsa, shi kuma Baffa ya tallafe shi da yatsa biyu kada ya faɗi, yana kallon waje kamar ba shi ba. Mutanen nan biyu fa tun safe suke musu a kan wace hanya ta fi kusa. Na danna. Mota tana gudu, ga yamma ta yi, hoton ya fito dishi-dishi, rabin fuskar Baffa ma a duhu. Da na wanke na jefa shi cikin waɗanda suka lalace. Yau dukansu biyu sun riga mu gidan gaskiya, kuma wannan lalataccen hoton na sake wanke shi ya fi sau 20. 'Ya'yan Baffa, jikokinsa, ƙannena, kowa da nasa a bango. Na tekun kuwa, ni kaina ban san inda nagetif ɗinsu ya shiga ba. Akwai kuma abin da ban farga da shi ba sai bayan shekaru: a cikin 108 ɗin nan babu ni ko a ɗaya. In jikana ya buɗe albam, ba shi da wata shaidar cewa na je.

Saboda haka kyamara ɗaya, lensi ɗaya, mai milimita 35 ko 50. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen nan da ya zagaya duniya yana ɗaukar mutane, mafi yawan aikinsa da ƙaramar kyamarar Leica da lensi mai 50 ya yi shi. Dogon lensi korar ka yake daga mutane, sai ka ja da baya mita goma kana leƙo su kamar maharbi. Kai kuwa ɗan gida ne, kana da izinin zama gwiwa da gwiwa da su, izinin da mai hoton haya ko nawa aka biya shi ba zai samu ba. Shi za ka zubar don lensi? Hoton iyali ma ai da akwati maras ado ya fara. A 1888 George Eastman ya fitar da kyamarar Kodak da fim mai ɗauka 100 a cikinta. In ka gama sai ka aika da ita gaba ɗaya kamfani a Rochester ta Amurka, a wanke hotunan, a ɗura sabon fim, a dawo maka da ita. Babu zum, babu wani saitin a zo a gani, amma ita ta sa wanda bai san sana'ar ba ya fara ɗaukar matarsa da 'ya'yansa a hanya.

Ka sani, hotunan da za a nema ba a wurin da kuka nufa suke ba, suna tsakanin wuri da wuri. Lokacin loda kaya, ana tausa akwati da gwiwa don ya rufu. Zaman jira a tasha. Ƙaninka ya kumbura don an hana shi kujerar taga. Mahaifiyarka ta zazzage jaka tana neman abin da ke hannunta. Taya ta yi faci, maza huɗu sun zagaye ta, ɗaya ne kawai ke aiki. In yaro za ka ɗauka, durƙusa ka daidaita ido da shi, ka daina ɗaukar tsakiyar kansa daga sama. Hannuwan tsofaffi ma ka kula da su, suna ba da labarin da fuska ke ɓoyewa. Wurin da kuka je ba na ce ka bar shi ba, amma ka sa shi a bayansu, ya zama shaidar inda abin ya faru. In kakarku tana kallon dutsen, to ka ɗauke ta tana kallonsa.

Sannan ka san lokacin ajiye kyamarar, kuma wannan ya fi wuya. Wata masaniyar halayyar ɗan adam, Linda Henkel ta Jami'ar Fairfield a Amurka, ta yi wani gwaji da aka buga a 2014. Ta kai ɗalibai gidan adana kayan fasaha, wasu abubuwan aka ce su kalla kawai, wasu su ɗauki hotonsu. Washegari da aka tambaye su, waɗanda suka ɗauka sun fi ɓace musu. Sai dai inda aka ce su jawo wani ɓangare na abin kusa kafin su danna, a nan ba su mance ba. Ni abin da na fahimta daga ciki bai wuce abin da nake faɗa maka a situdiyo ba: duba da idonka tukuna. Mai dannawa ba ƙaƙƙautawa ya miƙa wa na'ura aikin tunawa, ya dawo gida da kati cike, kai fayau. Taura biyu ba ta taunuwa. Ba za ka zama mai hoto da ɗan gida a lokaci guda tun safe har dare ba. Ka raba: sa'ar farko bayan fitowar rana da ta ƙarshe kafin faɗuwarta, lokacin da haske ya fi taushi, naka ne na aiki. In an zauna cin abinci, ko kakarku ta buɗe tsohon labari, kyamara ta koma jaka, kai ka buɗe kunne.

Ga ɗan abin da ya shafi saiti, tunda na san shi kake jira. Rana tsaka maƙiyiyar fuska ce, idanu su faɗa rami, goshi ya ɗauki ƙyalli. Ka kai su bakin inuwa, fuskarsu na kallon wajen haske. Ma'aunin hasken kyamara yana ɗaukar duk abin da ya gani a matsayin matsakaicin ruwan toka, don haka in ya ga fararen kaya ko sararin sama sai ya rage haske, fuskar mai duhun fata ta nutse. Ka ƙara haske mataki ɗaya, ko ka auna a kan fuskar kanta. Yara masu guje-guje, saurin ƙiftawar kyamara kada ya sauko ƙasa da 1/250 na sakan, cikin mota mai tafiya 1/500, in haske ya gaza ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 1600 ko 3200 ba tsoro. Hoto mai yashi-yashi ana gyara shi, mai dishi-dishi sai haƙuri. Na Baba da Baffa sa'a ce, kada ka mai da ita ƙa'ida.

Hoton kowa da kowa a jere ka yi shi, sau ɗaya ko biyu a duk tafiyar, don tsofaffi suna son sa kuma suna da gaskiya. Ka sa buɗin lensi a f/8 don na gaba da na baya su fito tar, ka ɗauki biyar ko shida domin dole wani ya ƙifta. Ka ɗora kyamarar a kan wani abu, ka sa taima sakan 10, ka ruga ka shiga. In ka ce an gama, kada ka sauke ta nan take; lokacin da kafaɗu suka saki, aka fashe da dariya, shi ne hoton. Wani lokacin kuma ka miƙa wa ƙanwarka ta ɗauke ka, ko da zai fito a karkace.

Kusancin nan da na ce kana da shi amana ce. A kowane dangi akwai wanda ba ya son hoto. Kada ka ɗauke shi a sace, in ya ce ka goge, ka goge a gabansa. Mai kuka, mai cin abinci baki buɗe, wanda rashin lafiyar hanya ta kama, ka rufa musu asiri. 'Ya'yan wani kada ka sa su a Facebook sai da yardar iyayensu. A filin jirgi, kan iyaka da wuraren sojoji, ƙasashe da yawa sun hana ɗaukar hoto, kada ka jawo wa mahaifinka tsayuwar da bai shirya mata ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Caja batir tun daren jajibiri, ka daidaita agogon kyamara, in kun shiga ƙasar da lokacinta ya bambanta ka sake shi, in ba haka ba hotunanka da na wayoyinsu ba za su jeru ba. Ƙananan katin memori biyu sun fi babba ɗaya. In jirgin sama ne, batir na ajiya a jakar hannu ake sa shi, ba a kayan da ake lodawa ba. In ka fito daga sanyin AC zuwa zafi mai laima lensi zai yi gumi. Ka bar kyamarar cikin jaka a rufe na ɗan lokaci, kada ka hau goge ta da riga.

Da kun dawo, kwafi uku: kwamfuta, wani faifan ajiya daban, da ɗaya a wani wurin da ba gidanku ba. In za ka tura ta WhatsApp ka tura a matsayin fayil, don in ba haka ba matse shi zai yi. Amma kada ka sake zuba musu 2,000. Ka kawo mini katin ranar da ka dawo aiki, mu zauna mu zaɓi 30, mu wanke su a takarda, ka rubuta suna da wuri da kwanan wata a bayan kowanne da fensir, don biro yana huda takarda kuma tawadarsa tana ɓata na ƙasa. Batir ɗina biyu suna cikin durowar tebur, ka ɗauka. Ka gaishe mini da kakarku, Allah ya kiyaye hanya.