Gwajin iri da ƙwai a ruwa: amsoshin tambayoyin manoma

Wani manomi daga Mirya ya ce ya zuba irin hatsi a bokiti, kusan rabi ya taso sama. Yana tambaya ko duk wanda ya taso ya lalace ne.

Malam, kada ka yi saurin zubarwa. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Duk abin da ya fi ruwa nauyi, in an gwada su girma ɗaya, zai nutse. Wanda bai kai ba zai taso. Tsabar da ta cika ta ƙosa ta fi ruwa nauyi, sai ta zauna a ƙasa. Wadda ƙwaro ya huda, ko wadda ruwa ya ɗauke mata tun ba ta nuna ba, iska ce a cikinta, ita ke ɗaga ta. Sai dai ƙwayar hatsi ƙarama ce, busasshiya takan riƙe ƴan kumfan iska a jikinta, ta yi ta yawo a sama alhali lafiyarta lau. Ka juya da hannu sosai, ka dakata minti biyu, sannan ka kwashe abin da ya rage a sama.

Ruwa zalla yana fitar da ƙaiƙayi da fanko ne kawai. In kana son tace mai rabin ciki da mai burtuntuna, narka gishiri kilo 1 a ruwa lita 10. Hakan na ƙara wa kowace lita nauyin giram 60 zuwa 70, sai mai rauni ya kasa nutsewa. Zuba tiya ɗaya a lokaci guda, kada iri ya wuce minti 5 a ciki. Gishirin miya za a sa. Kantun Bilma na dabbobi yana da ƙasa a ciki, awo ba zai yi daidai ba, kanwa kuwa kada ma a fara. Ga shinkafa ana kai gishirin kilo 2, har sabon ƙwai ya leƙo sama.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen ɗauraya. A wanke irin da ya nutse sau uku da ruwa mai daɗi, domin gishirin da ya bushe a jikinsa yana hana shi shan ruwa a rami. A baza a kan tabarma cikin inuwa har ya bushe ƙarau, sannan a garwaya da maganin iri. Wake da gyaɗa ba a yi musu wannan: fatarsu na saɓulewa da zarar sun jiƙe, tsincewa da hannu ta fi.

Nutsewa kuma ba shaidar rai ba ce. Irin da zafi ya kashe a rumbu ko a buhun leda zai nutse tsaf. Ƙirga ƙwaya 100, sa cikin jiƙaƙƙen buhun algarara, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana 7, in 80 ko fiye sun tsiro, a shuka. In sun gaza haka sosai, a nemi wani iri tun kafin ruwan shuka ya sauka.

Wata mai kiwon zabi daga Matamaye tana son sanin ko gwajin zai yi wa ƙwai.

Zai yi, Hajiya, amma ga ƙwan ci da na sayarwa. A gefen ƙwai mai faɗi akwai ɗan gurbin iska. Kullum ruwan ciki na fita ta ƙananan hudojin ɓawo, gurbin na ƙaruwa, kuma a zafin bazara abin ya fi sauri. Sabo yakan kwanta a ƙasan ƙwarya, wanda ya ɗan jima ya miƙe tsaye, tsoho ya taso. Wanda za ki sa wa kaza ta kwanta a kai, kada ki tsoma shi, ruwa na wanke kariyar da ke kan ɓawon, cuta ta samu hanyar shiga. Shi a haska shi da tocila a ɗaki mai duhu, za ki ga girman gurbin da idonki.